Tsibiran da Wuta ta Haifa: Wa Ya Kamata Ya Taka Su?

Da asubahin ranar 14 ga Nuwamba, 1963, ma'aikatan wani jirgin kamun kifi a kudu da gaɓar ƙasar Aislan suka hango baƙin hayaƙi yana tasowa daga tsakiyar teku. Sun zaci wani jirgi ne ya kama da wuta. Da suka matsa kusa sai suka tarar tekun ne da kansa ke tafasa, yana watso toka da duwatsu sama. Washegari wani tudu baƙi ƙirin ya leƙo saman ruwa a wurin da jiya babu komai sai igiya. Aman wutar bai lafa ba sai a watan Yunin 1967, kuma kafin nan tudun ya zama tsibiri mai faɗin murabba'in kilomita 2.7, aka raɗa masa suna Surtsey. Tun a 1965, wuta ba ta ma gama fita ba, hukumomin Aislan suka hana kowa sa ƙafa a kansa in ba 'yan tsirarun masu bincike da ke da takardar izini ba. Har yau jiragen yawon buɗe ido da ke bi ta wurin iyakarsu su kewaya shi, fasinja su kalla daga kan bene, jirgi ya wuce.

A can tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar Ikwado, akwai wasu tsibiran da su ma wuta ce ta haife su, sai dai hukuncin da aka yanke musu daban ne. Tsibiran Galapagos a buɗe suke ga baƙi. A 1967 Lars-Eric Lindblad, ɗan asalin Suwidin da ke zaune a Amurka, ya kai ayarin masu yawon buɗe ido can, kuma yana cikin waɗanda suka kafa salon tafiyar da ake yi har yau: ƙaramin jirgin ruwa, fasinja kaɗan, masana dabbobi da tsirrai a matsayin 'yan jagora, kowace safiya a sauka a wani sabon tsibiri. A 1990 baƙin da suka shiga Galapagos sun ɗan haura 40,000. A 2023 sun haura 300,000. To, wa ya yi daidai, wanda ya kulle ƙofa ko wanda ya buɗe? Amsar da wannan rubutu zai kare ita ce, dukiyar irin waɗannan tsibirai guda ɗaya ce, wato nisansu da sauran duniya, kuma kowane jirgi da ya isa can sai ya gutsuri wani abu daga wannan nisa. Ziyarar tana da hujja gwargwadon yadda aka ƙayyade ta. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ƙaramin jirgin nan da aka fi nuna wa yatsa shi ne ɓangaren da aka fi samun nasarar ƙayyadewa.

Sai an san yadda ƙasar ta samu kafin a gane dabbobin da ke kanta. A ƙarƙashin tekun yankin Galapagos akwai wani wuri da narkakken dutse ke tasowa daga can cikin ƙasa, kuma wurin ba ya gusawa. Abin da ke gusawa shi ne ɓawon ƙasar da ke samansa, wanda masana ke kira faifan Nazca, yana jan jiki zuwa gabas da 'yan santimita a shekara, abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Kwatancinsa kamar a ajiye fitilar aci-bal-bal a wuri ɗaya, a riƙa jan tabarma a hankali ta samanta: duk inda ya daɗe a kan harshen wutar sai ya huje, sannan ya wuce, wani wurin ya zo. Saboda haka tsibiran suke a jere bisa shekaru. Na gabas, kamar San Cristóbal da Española, sun kai shekara miliyan uku zuwa huɗu, wutarsu ta mutu, ruwa da iska sun zaizaye su sun yi ƙasa-ƙasa. Na yamma su ne yara. Isabela, mafi girma, duwatsu masu aman wuta guda shida ne suka haɗe suka zama tsibiri ɗaya, kuma mafi tsayinsu, Wolf, mai mita 1,707, ya yi aman wuta a 2015 da 2022. Autansu Fernandina bai kai shekara miliyan ɗaya ba, dutsensa ya yi amai a 2017, 2018, 2020 da kuma 2024. Ƙasar nan ba ta gama zama ba. A 1954, a gaɓar Urbina da ke Isabela, ƙasan teku ya ɗago sama da wajen mita huɗu cikin ɗan lokaci, ya bar murjani da halittun ruwa a kan busasshiyar ƙasa. Baƙi na tafiya a ƙafa yau a tsakanin wannan murjani.

Sabon tsibiri irin wannan ba shi da ƙasar noma, ba shi da inuwa, sau da yawa ba shi da ruwan daɗi ko ɗigo. Yaya rai ke kama wuri a kan dutse tsirara? Nan ne amfanin kulle Surtsey ya bayyana, domin an ga abin da ido shekara bayan shekara. A 1965 aka ga tsiro na farko a bakin gaɓa, daga irin da igiyar ruwa ta kawo. A 1970 tsuntsayen teku suka fara sheƙa. Shekaru suka yi ta wucewa tsirrai na zuwa suna mutuwa, kaɗan ke kamawa, sai a tsakiyar shekarun 1980 da wani garken tsuntsayen teku ya kafa mazauni a kudancin tsibirin. Kashinsu ya zama taki, ƙafafunsu da cikinsu suka kawo iri, wurin da suka zauna ya koma kore shar. Akwai kuma wani labari mai ban dariya da ya nuna dalilin tsaurara doka: a 1969 an tarar da tumatir ya tsiro a tsibirin, da aka bincika sai aka ga daga bayan gidan wani mutum ya fito, aka tumɓuke shi. A Galapagos haka abin ya gudana, sai dai cikin shekaru miliyoyi, kuma ta tazarar da ta fi ta Surtsey nesa ba kusa ba. Wanda ke da fiffike ya zo ta sama. Wanda ba shi da shi sai dai ya hau tarkacen itatuwan da ambaliya ta kwaso daga kogunan Kudancin Amurka, ya yi makonni a kan ruwan gishiri cikin rana. Kwaɗo ba zai jure wannan ba, shi ya sa tsibiran ba su da kwaɗo na asali. Manyan dabbobi masu shayarwa ma ba za su jure ba. Ƙadangare da kunkuru kuwa suna iya daɗewa ba ci ba sha, don haka su suka gaji ƙasar. Tekun ya zama rariya, abin da ya ratsa ta kaɗan ne, kuma wannan kaɗan ɗin ya rayu babu kura babu damisa, babu ma kyanwa.

A yammacin tsibiran, inda ƙasa ta fi ƙuruciya, nan ne dabbobin suka fi ban mamaki, kuma akwai dalili. Wani ruwan sanyi da ke gudana ta ƙarƙashin teku daga yamma, wanda ake kira Cromwell, yana karo da gindin Fernandina da Isabela sai ya taso sama ɗauke da abincin ƙananan halittu. Ga ƙasa baƙa mai zafi kamar kasko, ga teku mai sanyi cike da kifi, a kan layin da ya raba duniya biyu. A Punta Espinoza, wuri ɗaya tilo da aka yarda baƙi su sauka a Fernandina, mutum zai fara zaton duwatsu yake gani, sai ya ga duwatsun suna motsi. Iguwanar teku ce, wata ƙadangaruwa mai kama da damo, ɗaruruwa a kwance wata kan wata suna shan hantsi. A duk duniya ita kaɗai ce ƙadangaruwar da ke neman abinci a cikin teku. Tana nutso ta kankare gansakuka daga jikin duwatsu, ta fito jiki ya yi sanyi ƙalau, ta kwanta a rana har ta dawo hayyacinta, gishirin da ta haɗiya kuma ta fyace shi ta hanci. Kusa da ita akwai wani tsuntsu mai kamun kifi, daga dangin da ake kira komoran, wanda fukafukansa suka ƙanƙance har ba ya iya tashi. Danginsa a ko'ina cikin duniya suna tashi, shi kaɗai ne ya daina, domin abincinsa na ƙarƙashin ruwa a bakin ƙofarsa, kuma babu abin da ke korarsa a tudu. Yawansu bai wuce dubu biyu da wani abu ba, kuma a Fernandina da gaɓar Isabela kawai suke. Ga kuma fenguwin, tsuntsun da aka sani da yankunan sanyi na kudancin duniya, yana iyo a ƙarƙashin ranar tsakiyar duniya saboda wancan ruwan sanyi. A can sama, matan iguwanar tudu sukan yi tafiyar kwanaki su hau dutsen Fernandina, wasu har su gangara cikin ramin bakinsa, don su binne ƙwai a toka mai ɗumi. A 2019 ma aka gano wata tsohuwar kunkuru mace a wani ɗan kurmi da narkakken dutse ya kewaye, daga jinsin da rabon da a ga ɗaya tun 1906.

Sunan Charles Darwin ba ya rabuwa da waɗannan tsibirai, ko da yake makonni biyar kawai ya yi a cikinsu a 1835, a jirgin Beagle, kuma huɗu kawai ya taka. Ba sai mai karatu ya shiga muhawarar da ake yi a kan ra'ayoyinsa game da asalin halittu ba kafin ya karɓi abin da aka auna da ma'auni a zamaninmu. Tun daga 1973 wasu masana biyu, Peter da Rosemary Grant, suka shafe wajen shekara arba'in suna auna bakin wasu 'yan tsuntsaye masu kama da gwara a ɗan tsibirin Daphne Major. A farin 1977 ƙananan iri masu taushi suka ƙare, sai manya masu tauri suka rage. Fiye da kashi 80 cikin 100 na wani jinsin tsuntsayen suka mutu, waɗanda suka tsira galibi masu kaurin baki ne, 'ya'yan da suka haifa kuma suka fito da baki mafi kauri fiye da na zuriyar da ta gabata. Kowane makiyayi ya san fari na tace garke. Abin da ya sa aka iya ganin wannan ƙarara a Daphne Major shi ne wurin ƙarami ne, a keɓe yake, ana iya ƙirga kowane tsuntsu. Da zarar an cakuɗa shi da abubuwan waje, wannan damar ta tafi.

Rashin maƙiyi da ya ba dabbobin nan siffofinsu shi ne kuma rauninsu. Fada Tomás de Berlanga, bishop na Panama, wanda igiyar ruwa ta karkatar da jirginsa zuwa can a 1535, ya rubuta wa sarkin Sifaniya labarin tsuntsayen da ba su san gudu ba. Bayan shekara 300 Darwin ya ture shaho daga kan reshe da bakin bindigarsa. Masu farautar dabbar tekun nan da ake kira wel, a ƙarni na 18 da na 19, sun gano cewa ƙaton kunkurun Galapagos na iya yin watanni a cikin rumbun jirgi ba ci ba sha kuma da ransa, sai suka mai da shi guzurin nama. An kiyasta sun kwashe fiye da 100,000. Amma ɓarnar da ta fi daɗewa ba ta wuƙa ba ce. Jiragen sun bar ɓeraye, mazauna suka kawo awaki da aladu da kyanwowi. A tsibirin Pinta awaki uku aka sake a 1959, kafin shekara goma sha biyar sun kai wajen 40,000, sun cinye ciyayi ƙarƙaf. Kunkurun Pinta na ƙarshe, wanda aka yi wa laƙabi da George mai kaɗaici, ya mutu ranar 24 ga Yuni, 2012, jinsinsa ya ƙare da shi. Gyara kuwa ya ci kuɗi da shekaru. Tsakanin 1997 da 2006 an kashe awaki fiye da 140,000 a arewacin Isabela da Santiago da Pinta, har da harbi daga jirgi mai saukar ungulu, har da ɗaura wa wasu awaki na'ura a wuya a sake su su tona maɓoyar 'yan uwansu. A tsibirin Pinzón ɓeraye sun hana ɗan kunkuru ko ɗaya girma a daji fiye da shekara ɗari, sai bayan an kashe su da guba a 2012 aka sake ganin jarirai. Fernandina kuwa, da yake babu ruwa babu ƙasar noma, ba wanda ya taɓa zama a cikinsa, babu akuya babu ɓeran jirgi. Ƙananan ɓerayensa na asali suna nan, alhali danginsu na tsibirin Santa Cruz sun shuɗe bayan zuwan baƙin ɓera. Munin ƙasar ne ya tsare ta.

Da wannan tarihi a zuciya ya kamata a dubi yadda jirgin yawon buɗe ido ke aiki a yau. Tun 1959 kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran gandun daji ne na ƙasa. Babu jirgin da aka yarda ya ɗauki fasinja fiye da 100, da yawansu ma 16 suke ɗauka. Hukumar gandun ce ke tsara wa kowane jirgi hanyarsa, kuma tun 2012 ba a barin jirgi ya maimaita wuri ɗaya cikin mako biyu. Jirgi kan yi tafiya da dare, gari na wayewa ya jefa anga, fasinja su shiga kwalekwalen roba mai inji wanda mutanen wurin ke kira panga, wani lokaci a sauka a kan dutse, wani lokaci a tsunduma cikin ruwa har gwiwa. Kowane rukuni ba ya wuce mutum 16, tare da ɗan jagora mai lasisin hukuma. Hanya a shace take da turaku, ba a kauce mata. Tsakanin mutum da dabba mita biyu, ko da dabbar ce ta matso. Ba a sauka da abinci, ba a ɗaukar ko da ɓawon katantanwa, ana wanke takalma kafin a taka wani tsibirin don kada iri ko ƙwaro ya bi tafin ƙafa. Kafin faɗuwar rana kowa ya koma jirgi, nan zai ci, nan zai kwana. Ma'anar wannan ita ce baƙon jirgi ba ya buƙatar a gina masa ɗaki a tudu, ba ya buƙatar titi, kuma a kowace sa'a hukuma ta san inda yake.

Duk da haka wani zai ce, tunda an ga amfanin kulle Surtsey, me ya hana a yi wa Galapagos haka? Maganar tana da nauyi, amma wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Surtsey ɗan ƙaramin dutse ne da ba shi da mazauni ko ɗaya, babu wanda ya rasa abincinsa don an kulle shi, kuma teku mai haɗari na taya hukuma gadi. Galapagos lardi ne na Ikwado, mai mutane wajen 30,000 a tsibirai huɗu, kuma mafi yawan abin da suke ci daga baƙi yake fitowa. An ɗanɗana kullewar a 2020, lokacin annobar korona, inda aka rufe gandun daga Maris zuwa Yuli. Dabbobi sun sarara, gaskiya ne, amma kuɗin shiga ya tsaya cak, wasu mazauna suka koma musayar kaya da kaya. Mutumin da yunwa ta kama a gefen teku mai cike da kifi ba sai an faɗa masa abin da zai yi ba, kuma tsibiran sun taɓa ganin rikici mai zafi tsakanin masunta da ma'aikatan gandun a shekarun 1990. Ga kuma ɓarayin waje. A watan Agustan 2017 an kama wani jirgin ƙasar Sin a cikin keɓaɓɓen yankin tekun ɗauke da kifin shak fiye da 6,000. Sintiri a kan ruwan da ya haura murabba'in kilomita 130,000 yana cin mai da albashi, kashe awaki da ɓeraye yana cin miliyoyin daloli. Kunkurun Española ya ragu zuwa 15 a duniya, aka yi shekaru ana kiwonsu a tsare har zuriyarsu ta kai wajen 2,000, sannan aka mayar da tsofaffin gida a 2020. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa a wurin da duniya ta manta da shi.

Inda matsalar take, a ganina, shi ne a wajen da dokar jirgi ba ta kai ba. Yawan gadajen kwana a jiragen ruwa an daɗe da ƙayyade shi, kuma bai ƙaru da wani abin kirki ba cikin shekaru masu yawa. Ƙaruwar baƙi ta fito ne daga masu sauka a jirgin sama a Baltra ko San Cristóbal su kama ɗaki a gari, su riƙa fita yawon yini. Su ne mafi rinjaye yanzu, kuma babu wani adadi da aka ce idan an kai shi a tsaya. Kowane ƙarin baƙo yana nufin ƙarin shinkafa da kayan miya da siminti da man fetur da za a yo dako daga birnin Guayaquil da ke babban yankin Ikwado, kuma a cikin buhu da kwali ne baƙin halittu ke ɓuya. An ƙirga jinsunan da mutum ya shigo da su, da gangan ko bisa kuskure, sun haura 1,500, har baƙin tsirrai sun fi na asali yawa. Mafi muni a cikinsu wani ƙuda ne da ba ya ko ɗaukar ido. Yana saka ƙwai a sheƙar ƙananan tsuntsaye, tsutsotsinsa su fito da dare su tsotse jinin 'yan tsaki. A 1997 aka fara ganinsa a cikin sheƙa, yau ya bazu a kusan dukkan tsibiran, kuma ɗaya daga cikin dangin 'yan tsuntsayen nan masu kama da gwara, wanda ke zaune a kurmin bakin teku na Isabela, ya ragu zuwa wajen ɗari. Akuya ana ganinta a harbe ta. Ƙuda fa? Man da ake kawowa ma ya taɓa yin tasa ɓarnar: a Janairun 2001 tankar Jessica ta maƙale a bakin San Cristóbal, man cikinta ya malala a teku, kuma cikin shekara guda fiye da rabin iguwanar teku ta tsibirin Santa Fe ta mutu. A 2007 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Galapagos a jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, ta cire su a 2010. An kafa hukumar binciken kaya a 2012, ana fesa maganin ƙwari a cikin jiragen sama, ana buɗe jakunkuna. Duk wannan yana rage haɗari, amma mai tsaron ƙofa da ke binciken mutum ɗari ba daidai yake da mai binciken dubu ba.

A nan ne ƙorafi na biyu ke shigowa, kuma shi ya fi wuyar amsawa. Mako guda a irin wannan jirgi yana cin dubban daloli. Idan aka ce jirgi ne hanyar da ta fi tsafta, ashe an ce tsibiran na masu hannu da shuni ne ke nan, ɗan Ikwado mai ƙaramin ƙarfi kuma ya ga ƙasarsa a talabijin. Bayan haka, kaso mai yawa na kuɗin manyan jiragen yana komawa ga kamfanonin da ke babban yankin ƙasar ko ƙasashen waje, alhali baƙon da ya kwana a gari shi ke sayen abinci a wurin mai gidan abinci, ya hau tasi, ya biya mai kwalekwale. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya yi watsi da ita bai yi wa mazauna adalci ba. Sai dai amsarta ba ita ce a bar ƙofa a wangale ba. Abin da ya sa tsarin jirgi ya yi aiki shi ne an sa masa lamba, an ce ga iyaka. Tsadarsa wani abu ne daban. Ana iya sa wa masu kwana a tudu irin wannan lamba, a ware wa 'yan ƙasa da ɗalibai kasonsu a farashi mai sauƙi, a tilasta wa jirage sayen kaya da ɗaukar ma'aikata daga cikin mazauna. A watan Agustan 2024 Ikwado ta ninka kuɗin shiga na baƙon waje daga dala 100 zuwa 200. Kuɗin zai taimaki gandun, amma wanda ya riga ya biya kuɗin jirgin sama daga Turai ko Amurka, ƙarin dala 100 ba zai mayar da shi gida ba. Farashi yana tace talaka ne, ba ya rage yawa.

Akwai kuma masu cewa, ai tsibiran nan da kansu suke halaka abin da ke kansu, to mene ne na damuwa da tafin ƙafar mutum? Gaskiya ne narkakken dutse kan binne kurmi guda cikin dare ɗaya. Gaskiya ne kuma idan yanayin El Nino ya zo, ruwan sanyi ya daina tasowa, yunwa kan yi kisa ba kaɗan ba: a 1982 zuwa 1983 wajen kashi uku cikin huɗu na fenguwin suka mutu. Amma dabbobin sun daɗe da waɗannan masifu, kuma suna da dabarunsu. An auna iguwanar teku an ga jikinta na iya raguwa a tsayi har da kashi ɗaya cikin biyar a lokacin yunwa, ta sake girma idan gansakuka ta dawo. Wuta kan ci gefe ɗaya ta bar ɗaya, fari kan zo ya wuce. Ɓera idan ya shiga ba ya wucewa, yana nan kowane dare, kowace shekara, kuma ɗan tsakon da bai taɓa sanin maƙiyi ba ba shi da wata dabara a kansa. Haɗuwar biyun ce abin tsoro, wato garken da El Nino ya rage zuwa kwata sannan kyanwa ta samu sauran. Wutar ma ba abin wasa ba ce ga baƙin kansu. A ranar 9 ga Disamba, 2019, tsibirin Whakaari na ƙasar Niyu Zilan ya fashe alhali mutum 47 na kansa, da yawansu fasinjojin wani babban jirgin yawon buɗe ido, 22 suka rasu. Ƙasar da ba ta gama haihuwa ba tana buƙatar wanda zai iya cewa yau ba a sauka, kuma a ji maganarsa.

Hukuncina shi ne Aislan ta yi daidai da ta kulle Surtsey, kuma ya kamata ya zauna a kulle har igiyar ruwa, wadda ta riga ta cinye wajen rabinsa, ta gama da abin da za ta iya ci. Ikwado ma ta yi daidai da ta buɗe Galapagos ta ƙaramar ƙofa, da turaku da ɗan jagora da mita biyu. Kuskurenta shi ne ta tsare ƙofar teku ta bar ta sama. Kwamitin UNESCO ya sha kiranta da ta tsayar da ƙaruwar baƙi. Gwamnatin da ta iya faɗa wa kowane jirgin ruwa ranar da zai jefa anga da wurin da zai jefa ta, tana iya faɗin yawan mutanen da za su sauka a Baltra da San Cristóbal a shekara, kuma wannan lambar ce ya kamata ta fitar tun kafin ɓeran jirgi na farko ya sauka a Fernandina.